Kabewar da Yaya Ya Wanke

Yayana direban motar kaya ne, shekara ashirin da bakwai yana kan titi. Mutum ne da ba ya shiri da datti. In ya dawo daga tafiya, kafin ya sha ruwa sai ya wanke mota har ƙarƙashinta, ya goge, ya ja tamfol ya lulluɓe. Abin da ya iya ke nan a duniya, kuma wallahi ya iya. Amma tambaye shi inda ake ajiye gishiri a gidansa, sai ya tsaya yana kallonka.

Matarsa ce mai lambu. Ɗan fili ne a bayan kicin, bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, amma tana fitar da tumatir da barkono da kabewa mai yaɗo har kan katanga. Ta shuka kabewar bana da farkon damina, ta rasu kafin ta yi fure. Ciwon kwana tara.

Yaya bai yi kuka ba, ni na yi nawa na yi nasa. Shi dai ya daina fita aiki. Yana zaune a benci a ƙofar kicin, in an ba shi abinci ya ci, in ba a ba shi ba ba ya tambaya.

Ranar da Auta, ƙaramar 'yarsu, za ta koma makarantar kwana ta ce, "Baba, in kabewar Mama ta nuna a ajiye min ko guda ɗaya. In na zo hutu ni zan dafa." Ya ce to.

Da kaka ta yi, ganye ya bushe, kabewa goma sha ɗaya suka fito fili. Ita kabewa in ana so ta daɗe, da wuƙa ake yanko ta a bar mata guntun karanta, ta sha rana, a ajiye ta inda iska ke ratsawa, ruwa kuwa ko ɗigo. Yaya bai tambayi kowa ba. Ya murɗe su ɗaya bayan ɗaya, kowacce ya bar mata rami a ka. Ya ga ƙasa a jikinsu, ya kawo bokiti da sabulu da soso ya wanke su tas. Ya jera su a kan simintin sito, ya ja tamfol ya rufe, har da danne gefe da duwatsu.

Ni wari ne ya kai ni, saura kwana huɗu Auta ta dawo. Na ɗaga tamfol na sake shi. Duk sun narke, ko ɗaya ba ta tsira ba.

"Haba Yaya, kabewa ce ko mota? Ba ka da bakin tambaya ne?" Na yi ta masifa har maƙogwarona ya bushe. Ya ce, "Na ga sun yi datti ne." Ya ɗauko shebur ya kwashe. Sai na ji kunyar bakina, tausayinsa ya rufe ni.

Na je kasuwa na zaɓo mai kama da su, na shafa mata ƙasa, na ajiye a sito. Na ce masa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Auta ta zo. Ta fere, ta yanka, ta dafa da albasa da barkono da ɗan mai, yadda uwarta ke yi. Ta ware 'ya'yan ta shanya a faranti, wai irin da za ta shuka baɗi, kada kabewar Mama ta yanke a gidan. Sannan ta zuba mana.

Yaya ya dubi farantin irin. Ya ce, "Auta, kada ki shuka wannan, ta kasuwa ce. Ta mamarki na wanke ta, ta ruɓe."

Ta ce, "Duka?"

Ya ce, "Duka."

Ta tashi ta watsa wa kaji 'ya'yan, ta dawo ta zauna. Muka cinye abincin, ba wanda ya ji ɗanɗanonsa.