Ƙafafun Abdulbaƙi

Duk unguwar Shaguwa an san Abdulbaƙi mai goro, amma ba don goron ba. An san shi ne da ƙafa. Rana ta gasa ƙasar Njamena ko damina ta mai da unguwa taɓo, tsohon nan ba ya sa takalmi. Dugadugansa sun tsage kamar gindin tsohuwar tukunya.

Wai taɓin hankali ne, in ji mutane. Kai, bakin mutane! Ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Yana saurayi ya tafi kudu, ya kama aiki a wani kamfanin auduga. Ƙura ta cinye ƙirjin ma'aikata, wanda ya fara tari sai a sallame shi. Shi da abokinsa Dawuda suka bi mutane gida-gida, Musulmi da Kirista, har aka kafa ƙungiyar ƙwadago. Da aka kori na gaba-gaba, sai aka shiga yajin aiki. Dawuda ya hau kan buhu ya ce kowa ya tuɓe takalmin kamfani ya tara a bakin ƙofa, kada wanda ya ƙara sa takalmi sai an mai da korarru.

Ba a mai da kowa ba. Sojoji suka watsa taron, kowa ya kama gabansa. Abdulbaƙi ya dawo Njamena da tarinsa da alkawarinsa.

'Yarsa Zinariya ta yi roƙo har ta gaji. "Baba, don Allah, ko silifa."

"Taro ya ɗaura, taro zai kwance," haka yake ce mata kullum. Amma wallahi ya gaji shi ma. So yake wani ya ce masa an janye, ya huta.

Bana, ranar ma'aikata, ya ji Dawuda ya zama babba a ƙungiya, zai yi jawabi. Ya taka har can, ya tare shi a bakin mota.

"Dawuda, ni ne Abdulbaƙi. An janye yajin?"

Dawuda ya dube shi sama da ƙasa. Takalminsa baƙi, sai ƙyalli yake.

"Wane yaji, baba?" Ya juya wajen direbansa. "Dubi ƙafar bawan Allah. Nema masa takalmi, sadaka."

Abdulbaƙi bai jira ba. Ya juya gida, kuma ranar nan ya ji zafin kwalta kamar bai taɓa taka ta ba.