Motar da ta koyi sallama a Alelu

Shekarun baya, lokacin da na gaji da kabu-kabu tsakanin Jega da Maiyama, na zama direban kawuna, dillalin albasa a Aliero. Ni na hura mai kunne ya sayi motar lantarki, irin ta manya. Na ce mai tana magana, tana nuna hanya, kujera ma tausa take yi. Ajina uku a sakandare, amma ran nan na yi bayani kamar ni na ƙera ta.

Kuma wallahi mota ta yi. Allon gabanta ya fi talabijin ɗin gidanmu girma. Kawu ya shiga, sanyi ya buge shi, kujera ta matsa mai baya, ya ce lallai bokona bai tafi a banza ba.

Sai munka tafi Alelu gaida yayansa. Motar nan ba ta da ƙara ko kaɗan. Tsoho na zaune gindin darbejiya, ya ba hanya baya yana shan hura, munka silalo har kusa da tabarmarsa bai ji ba. Yana waigowa ya ga baƙin abu a kansa, ƙwarya ta kife. Ya ƙi ba kawu hannu. Ya ce abin da ke shigowa gari ba sallama, ko ɓarawo ne ko maciji.

A hanyar komawa kawu ya ce in motar da na cika baki a kanta ba ta san sallama ba, a maida ta Abuja inda anka sayo ta, ni kuma babur ɗina na nan yana jirana.

Na zauna cikinta ina latse-latse, Turancin da na sani da wanda ban sani ba. Ashe tana da lasifika ta waje, kuma ana iya sa mata sautin da ake so. Na lallaɓi kawu ya yi sallama cikin wayata, da muryarsa ta zuwa masallaci, na ɗora wa motar.

Da munka koma Alelu, tun daga bakin gari na latsa. Mota ta ce, "Salamu alaikum, gafaranku dai." Tsoho ya amsa tun kafin ya waigo. Ya taso ya zagaya ta, ya shafa ƙofa, har ya yi mata ban gajiya. Sannan ya dubi kawu, wanda ya fito yana washe baki.

"Kai kuma taka sallamar fa? Ko ita ma wakili ka yi mata?"

Har yau ni ke jan motar. Kuma har yau ina jinjina wa waɗanda sunka ƙera ta: ba su san Alelu ba, amma sun bar wurin da za a koya mata ladabi. Kawu dai yanzu sau biyu yake sallama.