Sunan da Ke Jikin Akwatina

Kano. Mun tashi ƙarfe huɗu da rabi na asuba a bayan wata tsohuwar lori. Ni ne Audu, wanda duk Fagge ta sani da Garanti. Shekara goma sha shida ina kukun wani Bature mai sayen gyaɗa, shi ya laƙaba mini sunan, har ya rubuta shi da farin fenti a akwatina. Na ɗauka yabon amanata ne. 'Ya'yana ma da shi aka rubuta su a makaranta.

Sudan. Kwana arba'in da ɗaya muka yi kafin Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Mun ci kisira, wainarsu ta dawa, har ta gundure mu. A duk shingen da soja ya dubi akwatin, sai in ƙara miƙe wuya.

Makka. Daga Jidda mil arba'in da biyar ne, muka iso da la'asar. Mai masaukinmu Alhaji Bukari, dattijo Basakkwace, ya taɓa yin tafinta a tashar jiragen ruwa. Ya kawo shayi, ya duƙa kan akwatin, ya daɗe.

"Ya shaihu, wa ya rubuta maka wanga?"

"Maigidana. Garanti ke nan."

"Ba garanti ba ne, wallahi. Grunt aka rubuta. Gurnanin alade."

Kofin ya suɓuce mini.

Ya ce tsohuwar kalmar Turawa ce, kakanninsu sun kwaikwayo ta daga maƙogwaron dabbar. Daga baya suka ɗora wa mutumin da ba ya amsa magana sai da "uhm". Har wani kifi mai irin wannan kukan suna kira haka.

Ni kuwa tun ina yaro da "uhm" nake amsawa. Ashe dariyar da baƙin Baturen ke yi in ya kira ni, ba ta daɗin miyata ba ce. Na ji kunya, na ji baƙin ciki. Sunan alade na ɗauko a ka har garin Ɗakin Allah! Na ari wuƙa na kankare fentin.

Gida. Bayan wata bakwai muka sauka Kano da hantsi. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Alhaji Bukari da bai ɓoye mini ba. Tun Jidda nake shirya jawabin da zan kashe sunan da shi. Unguwa ta fito tarye, ɗiyata Binta a gaba.

"Baba, yanzu kai ne Alhaji Garanti ko?"

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Uhm."