Dakta Kwalba da Bahon Wanke Latas

Kafin masu lambu su gama ban ruwan safe, za ka hango ta a bakin rafi cikin takalmin roba har gwiwa, da kula mai ƙanƙara a kafaɗa. Takan tsugunna ta ɗebi ruwa a kwalba, ta tsinki ganyen latas da safar hannu, ta kankari ƙasa, har kashin shanu ba ta bari. Daga nan sai ɗakin gwaje-gwaje, inda take shafa abin da ta ɗebo a kan ƙananan farantai, ta jera su a akwatin ɗumi, ta jira ta ga irin ƙwayoyin cutar da za su tsiro. Masu lambu ne suka raɗa mata Dakta Kwalba, sunan ya bi ta har ofis.

Aikinta irin wanda ba shi da kujera ne. Ta gama digirin digirgir, sai jami'a ta ɗauke ta kwantiragin bincike na 'yan shekaru: ita ba ɗaliba ba, ita ba malama ba, idan aiki ya yi kyau sunan Farfesan da take aiki a ƙarƙashinsa ake kira. Mahaifiyarta har yau ba ta gane kan abin ba. Takan dubi laka a gefen siket ɗin 'yarta ta ce, "Digiri uku, amma kullum kina yawon tsintar kashin shanu. 'Yar nan, ko dai sun cuce ki ne?" Dakta sai ta yi dariya ta wuce wanka.

A wannan makon kwantiragin ya ƙare, za ta tattara ta tafi. Takardun da ta wallafa suna nan, masu karanta irinsu za su karanta. Amma abin da ya sa ta cancanci jinjina ba ya cikin kowace takarda.

A shekararta ta biyu, gudawa mai jini ta ɓarke a unguwannin da ke sayen ganye daga lambunan bakin rafin. Yara suka fi jin jiki, akwai wani ɗan ƙarami da ya sha da ƙyar. Jami'an lafiya suka ce kada ganye ɗaya ya sake fita daga lambunan sai an gano bakin zaren. Latas ba ya jiran kowa. Manoma suna tsaye suna kallo, kayansu na yin tsayi suna ɗaci a cikin kunya.

Dakta ta yi ta ɗiba tana gwadawa. Ganyen da ta tsinka a kunya kusan duk lafiya lau, amma wanda aka ɗaure za a kai kasuwa fal yake da cuta. Ashe tsakanin kunya da motar kasuwa ne ɓarnar take. Masu lambun suna da wata al'adar aiki: kowa yana da baho a bakin rumfarsa, ya cika shi da ruwan rafi da safe, duk damin da aka yanka sai a tsoma shi ya fito yana sheƙi. Ruwa ɗaya ne har yamma. Sama da lambunan kuwa shanu ke shiga rafin su sha. Ganye ɗaya mai cuta ya isa ya raba wa duk wanda ya biyo bayansa.

Da ta bi sawun ainihin ƙwayar da ta kwantar da yaran, sai ta kai ta bahon da ba ta so. Na wata dattijuwa ne da ake kira Inna Mai Tsafta, wadda ta riƙe lambun mijinta bayan rasuwarsa, da shi take ciyar da jikoki. Sunan ba a banza ta same shi ba. Kowa sau ɗaya yake tsomawa, ita sai ta tsoma ta jiƙa ta sake tsomawa, har maƙwabta kan kawo mata nasu ta wanke musu don hannunta ya fi kyau. Masu saye layi suke yi mata. Ita ce kuma take ajiye wa Dakta inuwa da ruwan sha kullum.

Dakta ba ta aika kowa ba, ita ta je da ƙafarta, ta jira har rumfar ta zama ba kowa. Ta zauna a kan buhu ta yi bayani a hankali. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta juya tafukan hannunta tana kallo.

"'Yata, kina nufin da hannuna na ba 'ya'yan mutane ciwo?"

"Da ruwan ne, Inna. Hannunki wankewa ya yi."

"Ni da nake wankewa sau biyu?"

"Shi ne ya sa, Inna. Ganyen ya fi daɗewa a ciki, kuma na mutane da yawa yana ratsa bahon."

Tsohuwa ta fashe da kuka irin wanda ba sauti. Da ta lafa ta ce, "Idan aka ji, na gama. Wa zai ƙara sayen ko ganye ɗaya a hannuna?" Dakta ta ce, "Jami'an lafiya dole su san abin da na gano, don a gyara. Amma a taron manoma ba za a ji sunanki daga bakina ba."

Taron kuwa ya yi zafi. Shugaban ƙungiyar masu lambu, wanda suke kira Ciyaman, mutum ne mai murya kamar ana kiran kasuwa, kuma ba shi da laifi don ya ji haushi, kayansa ma ruɓewa suke yi. Ya buga tebur ya ce, "Dakta, mu ba dogon turanci muke so ba. Lambun wa ne? Ki faɗa mana mu cire shi daga cikinmu, a buɗe mana kasuwa."

Wadda ta fi ta wayo da ta ce bincike bai kammala ba. Ita ba ta iya wannan ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na san na wa ne. Ba zan faɗa ba." Wuri ya kaure. Wani ya ce an saye ta, wani ya ce gobe kada ta sake taka masa kunya. Tana tsaye, ta bari suka gaji. Sannan ta roƙe su abu ɗaya: kowa ya kawo mata ruwan bahonsa a kwalba wadda ba suna a jiki, su cakuɗa kwalaben da hannunsu.

Da ta dawo da farantan ta jera su a kan tebur, babu ko ɗaya mai tsabta. Kowanne ya yi ɗigo-ɗigo kamar burodin da ya kwana biyu a leda. Ta ce, "To, kowa ya nuna min nasa." Aka rasa mai miƙa yatsa. Ciyaman ya daɗe yana leƙa su, ya ce, "Wannan ƙazantar duk tamu ce?" Ta ce, "Har da taka, ranka ya daɗe."

Ke ce, Dakta, ba ki tsaya a nan ba. Takardarki ta riga ta samu, da kin koma ofis babu mai ganin laifinki. Amma kika yi ta sintiri tsakanin jami'a da ofishin lafiya har aka kafa tanki mai tsabtataccen ruwa a bakin rumfuna, aka koma wanke ganye a ƙarƙashin famfo, ruwa na zuba yana wucewa. Ke ce kika je wajen masu shanu, kika sha rana da dogon gaisuwa har suka yarda a yi musu mashaya daban. Inna ce ta fara kife bahonta, ana yi mata dariya wai tsufa ya sa ta bin 'yan boko. Kasuwa ta buɗe, layinta ya dawo kamar da.

Jiya masu lambu suka tara kujeru a ƙarƙashin bishiya don sallama. Ana cikin jawabai sai Inna ta dafa gwiwa ta miƙe, ba wanda ya kira ta. Dakta ta girgiza mata kai, Inna ba ta kula ba.

"Bahon da kuka nema a waccan shekarar, nawa ne," in ji ta. "Yarinyar nan ta sani tun farko. Kuka zage ta, ina zaune ina ji, ban iya buɗe baki ba. Ba zan bari ta tafi da wannan nauyin ba."

Ciyaman ya cire hularsa ya juya ta a hannu, muryar nan tasa ta yi ƙasa.

"Inna, zauna. Wallahi da ta faɗa mana ran nan, korar ki za mu yi, mu koma mu ci gaba da tsoma namu. Da yanzu ba mu san 'ya'ya nawa muka kwantar ba."

Dakta, wadda ba ta yi kuka ranar da aka zage ta ba, jiya ta yi.

Mun gode, Dakta. Mun gode a madadin iyayen da suke yanka wa yaransu latas ba tare da sun taɓa jin labarinki ba, da kuma tsohuwar da har yau take cin guminta da mutuncinta. Allah Ya sa inda za ki su san abin da suka samu. Ku kuma masu tasowa a wannan fanni, ku koyi gano ƙwayar cuta kamar yadda ta iya, amma ku koyi ɗayan ma. Ranar da taro ya tsare ku yana neman wanda zai kora, ku ba shi gaskiya, ku hana shi mutumin.