Ruwan Farko na Gidan Yaya

A hukumar ruwa Tsuntsuwa ake ce mata, don ba ta iya zama wuri ɗaya. Aikinta raba kwalabe gida-gida, washegari ta bi ta kwashe zuwa ɗakin gwaji. Ƙa'idar ɗaya ce: ruwa ya kwana cikin bututu ba a taɓa famfo ba, da safe mutanen gida su tari na farko a kwalbar. A cikinsa dalma da tagulla suke taruwa, in akwai su.

Gidan yayarta na tsohuwar unguwa, kuma kullum sakamakonsa tas yake fitowa. Abin ya tsaya mata a rai, domin an samu dalma a gidan dama da na hagu, alhali lokaci ɗaya aka ja musu ruwa. Ko abinci a tsaye take ci. Mijinta ya ce, "Ke ko labari mai daɗi sai kin nemo masa ciwo."

Wata safiya ta yi sammako, ta tarar da Yaya a kicin, famfo na zuba a bokiti, kwalba na gefe ba kome a ciki.

"Yaya, me kike yi?"

"Ina jira ya wanke ne. In ba ki ruwan kwana ki kai ofis, a ce 'yar'uwarki ƙazama ce?"

Tsuntsuwa ta dubi jikar da ke goye a bayan Yaya, wadda da ruwan nan ake haɗa mata madara. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaure kan famfon da ɗankwalinta, ta kwana a gidan, da safe ta tara da hannunta.

Dalmar ta haura iyaka. Likita ya gwada jinin yarinyar, ya ce akwai, amma kaɗan, a riƙa kawo ta. Aka tono tsohon bututun aka sa sabo. Yaya ta yi ta fushi kan ramin da aka bar mata a ƙofa, daga baya ta huce.

Tsuntsuwa ce ba ta huce ba. Tsofaffi masu kunya da kara irin Yaya sun cika unguwar. Ta tsare shugabanta a baranda, ta ce a sake gwada layin gaba ɗaya.

"Sai zagaye mai zuwa," in ji shi.

"To, ranka ya daɗe, ba ni mabuɗin sito in fara wanke kwalabe."

Ya dube ta, ya yi ajiyar zuciya, ya laluba aljihu.