Tsohon da ya bar duniya

Shekarun baya, a shekarar da na faɗi bak, jarabawar gama sakandare, karo na biyu, aka ɗora mini kai mahaifina asibitin mishan don a cire masa yanar ido. Ni aka zaɓa saboda ba ni da aikin fari balle na baƙi, kuma ni kaɗai ke jin Faransanci a gidanmu. Muka taso daga ƙauyenmu da ke bayan Tabotaki, muka bi ta Buza da Madawa, muka isa ran Asabar.

Likitan ido ya duba shi, ya juyo ya yi mini dogon bayani da Faransanci. Aiki ran Alhamis. Kuma likitan baƙo ne, in ya gama wannan zuwan sai baɗi. Da muka fito Baba ya ce, "Mi yac ce?" Na ce, "Ya ce Alhamis." Ya ce, "Duk wanga dogon zance, Alhamis kaɗai?" Na ce e. Gaskiya akwai saura. Likita ya ce bayan aiki babu duƙawa, babu gona, sai an yi makonni. Na haɗiye wannan, don na san wanda na kawo.

Mahaifina bai iya zama ba. Ga shi ƙarshen bazara, kowa ido na gabas. Kullum da safe sai ya ɗaga hanci ya ce iskan nan na ruwa ne, ya hau naɗe tabarma. Irin gero na rumbu, yayyena ba su san gonar da ake farawa da ita ba, shi ga shi an ajiye shi awa buhun albasa. Ni ma ba zaman nake so ba. Zafi, ƙudaje, ga baƙin cikin jarabawa na cina. In ya yi tsaki sau ɗaya ni na yi uku. Amma na san in ya tafi, wata shekara zai sake yi cikin duhu.

Abin da ya cece ni yana cikin salulata. Abokina na lise, wato sakandare, ya zuba mini a kat memuwar, katin ajiya na salula, wani desan anime, fim ɗin zane, wanda aka ciro daga wani babban fim na mutanen da ke yawo tsakanin taurari. An ɗauko ƙananan mutanen fim ɗin, aka zana su, aka ba su nasu labari kashi-kashi. Ran Lahadi da rana ina kallo a rumfar 'yan jinya, Baba ya ce, "Mi ke kuka hakanga awa injin ban ruwa?" Na ce jirgi ne. Na fara ba shi labari don ya bar ni in huta. Ya ce, "Tatsuniya da rana tsaka? Kasuwa za ka ɓacewa." Amma bai ce in daina ba.

Kafin Talata na zama mai fassara. Tsofaffi huɗu masu jiran aikin ido suka jawo tabarminsu. Su ba sa gani, ba sa jin Faransanci, duk abin da na faɗa shi ne fim. Kaina ya kumbura, ni da ko bak ban ci ba. Mutum-mutumin ƙarfe na ce masa bawan ƙarfe. Taurarin da suke sauka a kai kuwa na rasa suna, na ce duniya. A cikin labarin akwai wani tsoho mai gyaran jirgi, mai taurin kai, kullum cikin mita. Baba ya ƙwallafa rai a kansa. Da ya ji muryarsa sai ya ce, "Ku yi shiru, mutumina na magana. Wanga tsoho ya san aikinai." Ya bar naɗe tabarma.

Ran Laraba da la'asar muka kai inda aka ji wa tsohon ciwo, aka kai shi gidan magani, aka yi masa aiki, ya warke, ya hau jirginsa ya tashi daga tauraron. Batiri ya yi ja, ina sauri in kai ƙarshe. Na ce, "To, an yi masa aiki. Daga nan tsoho ya bar duniya." Salula ta mutu. Na zabura zuwa wurin mai caji. A bayana na ji wani ya yi salati, wallahi na ɗauka batirin yake yi wa.

Da yamma Baba bai ci tuwo ba. Ya kira ni ya ce iyakar gonar fadama na daidai gawon nan, kada mu bari a matsa ta. Ya ce in riƙe mahaifiyata da kyau. Ni sarkin wayo har daɗi na ji, na ce yau dai tsoho ya natsu.

Alhamis da safe na tafi sayo kunu. Na dawo, babu tabarma, babu sanda, babu Baba. Na zaga rumfa, na leƙa masallaci, na duba makewayi. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya fito da takardar sunaye. Kirista ne, ɗan garin, mutum mai sanyin magana. Na gaya masa Baba ya ɓace, ya ce, "Je ka nemo shi, ɗana. Zan mai da sunansa ƙarshe. Amma likita na tashi da azahar." Na fita da gudu, kwanon kunu na hannuna ban sani ba. Na tambayi mai shayi, na tambayi masu albasa na bakin hanya. Wata mai ƙosai ta ce ta ga tsoho da sanda yana tambayar tasha, wani mai amalanke ya ɗauke shi.

Na same shi zaune kan buhu kusa da motar Madawa, yana jiran ta cika. Abin kunya, faɗa na fara. Na ɗaga wa mahaifina murya a gaban mutane. Ya bari na gama, ya ce, "Zamna."

Na zauna.

"Na ji saƙonka," in ji shi. "Ka yi ladabi, Allah shi yi maka albarka. Likita ya yi ta maka nasaranci, ka ce min Alhamis kaɗai. Na san akwai saura. Jiya ka biyo da ita ta bakin tsoho. An yi mai aiki, ya bar duniya. Ni ba yaro na ba. In haka na, gara in koma gida in ji an yi shuka, a bizne ni kusa ga ubana."

A wurinmu ba a jefa wa babba mugun labari kai tsaye, sai an naɗe shi cikin wani zance. Baba ya zaci haka na yi. Ya kwana yana jiran mutuwa, ni ina minshari a gefensa.

Na ce, "Baba, bai mutu ba. Tashi ya yi daga wannan duniya zuwa wata. A labarin duniyoyi ne da yawa."

"Duniya nawa ta?"

"Da yawa, Baba."

"Ni biyu na sani, wagga da lahira. Ka ce ya bar wagga. Ina kake so in aje shi?"

Na ciro salula, na kunna kashi na gaba, na kanga masa a kunne. Can sai ga tsohon yana mita kamar kullum. Baba ya saurara, ya saurara. Ya ce, "Shi na. Ja'iri, ashe yana nan." Sannan ya kama hannuna. "To mi likita yac ce? Duka nika so." Na faɗa masa: babu gona, babu duƙawa, shukar bana ba da shi ba. Mai mota ya fara kiran fasinja su shiga. Baba ya ce, "Wagga ma ba ta da daɗi. Amma da ita ka ba ni tun hwarko." Ya miƙo mini tabarmar.

Kabu-kabu ya mayar da mu, rana ta kusa tsaka. Majo ya ce, "Baba, ina ka shiga?" Ya ce, "Ɗana ya yi tatsuniya da rana, ni na ɓace kasuwa."

Aka yi aiki lafiya. Ranar da aka buɗe idon, bayan ya kalle ni ya ce na rame, sai ya ce a nuna masa mutuminsa. Na nuna masa. Ya matso da salula, ya nisanta ta, ya ce, "Zane na? Wanga zane muka yi ma salati?" Rumfa ta kwashe da dariya. Ruwa ya sauka muna can, yayyena suka yi shuka ba tare da shi ba, ya yi ta mita har kaka.

Tun daga nan nake tsoron rabin magana. Abin da na ɓoye ƙarami ne, amma gurbin da na bari Baba ya cika shi da kabari. Har yau in na raka wani wurin likita, sai na fassara masa komai, mai daɗi da marar daɗi.

Baba ya yi shekaru da dama yana ganin gonarsa da idonsa. Ina Madawa wurin aiki yayana ya kira ni wata safiya, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce, "Sai haƙuri, Baba ya bar duniya." Wallahi kafin hawaye su zo, abin da ya fara zuwa bakina shi ne in ce, wacce? Ban faɗa ba. Ya riga ya gaya mini a tasha, biyu ne.