Ƙwan da ke cikin gwangwani

Mijin ƙanwata ne ya ɓata mini suna a Ngeli. Ya tsaya a bakin gada, gaban 'yan klando masu haya da babur, ya ɗaga batirinsa da ya kumbura, ya ce cajata ce ta dafa shi.

Ni ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma caja na iya ta. Transfo nakan ciro daga mataccen rediyo, in haɗa masa diyod huɗu, in sa ƙwan fitilar mota a kan hanyar wutar, in rufe duka a gwangwanin madara mai huji. Ƙwan nan shi ne birki. Idan batir na jin yunwa sai ya yi haske, ya tare wutar da ta yi yawa. Idan batir ya ƙoshi sai ya dushe. A haka na ci abinci shekaru a unguwar Abena, ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafi.

Da mijin ƙanwar tawa ya aiko mini da gwangwanin, na buɗe. Komai na wurinsa. Na gwada a batirina, lafiya lau. Na zargi diyod, na canza su. Na zargi janaretan maƙwabcinsa, na je har unguwarsu Butalbagar da mitana na awon wuta, wutar ba ta da laifi. Na dawo na zauna ina kallon abin da hannuna ya haɗa kamar ban san shi ba. 'Yan klando kuwa suka daina zuwa. Wanda ya zo ma sai ya gaishe ni da Larabci daga kan babur, bai ko kashe inji ba. Har na fara tunanin ko duk shekarun nan sa'a ce kawai nake ci, ban iya komai ba.

Ƙanwata ce ta warware, ba da niyya ba. Ta kawo mini kisar, wainar nan mai faɗi, muna hira, ta ce ai Alhaji, mijin nata, ya yi wa cajata gyara. Wai wutar unguwarsu ba ta daɗewa, shi kuma ba zai zuba ido ƙwai na shan rabinta da rana tsaka ba. Sai ya riƙa zare ƙwan yana cusa takardar azurfa ta kwalin sigari a gurbin, don wutar ta tafi batir gaba ɗaya. Da abin ya lalace ya mayar da ƙwan.

Har yau ban gane ba. In bai san ya yi laifi ba, me ya sa ya mayar da ƙwan? In ya sani, me ya kai shi bakin gada?

Na same shi a rumfarsa ta bakin gada yana ɗaure katan ɗin sabulu a bayan babur, 'yan klando na zaune a inuwa. Ya ce in bari mu yi magana a gida, ai mu 'yan uwa ne. Na ajiye gwangwanin a kan sabulunsa.

Na ce, "Alhaji, a gida ka zare ƙwan, amma a nan ka zage ni. Buɗe shi ka nuna musu inda kake cusa takardar. Ina tsaye, ba inda za ni."